Da Mudun Wace Kasuwa Ake Auna Majinyacinmu?

Ɗaurin ɗankwali ne ya fara ba mu tsoro game da Yaya. Matar da ta fi shekara 20 a kan keken ɗinki a Anguwar Rogo da ke Jos ta wayi gari ba ta iya ɗaga hannuwanta su wuce kafaɗa, sai 'yarta ta ɗaura mata. Bayan 'yan makonni tashi daga sujada ya zama aiki, sai ta dafa bango. Fatar idonta ta yi duhu ta ɗan tasa, gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi da kaushi. Wannan na ƙarshen ya fi komai ƙona mata rai, domin a garin nan duk macen da aka ga gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi hukunci ɗaya ake yanke mata, a ce man bilicin ne. Ita kuwa ba ta taɓa shafa shi ba.

Wata 7 muka yi muna yawo. An ce maleriya, an ce taifod, an ce sanyin ƙashi. An yi ƙarin ruwa a kemis ya fi a ƙirga. A gida wasu suka ce jifa ce. Ni kaina a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kullum jinin mutane na hannuna, amma ban taɓa kawo wa raina in gwada sinadarin tsokarta ba, kuma wannan abu har yau yana cina. Sai da muka gamu da wani likita wanda ya sa ta zauna a kujera ya ce ta tashi ba tare da dafawa ba, ya duba yatsunta da kyau, sannan ya rubuta gwajin CK, wato sinadarin da ke zuba cikin jini idan tsoka na lalacewa. Sakamakon ya ninka ƙa'ida sau da yawa. A ranar muka fara jin sunan cutar: damatomayosaitis.

Cuta ce daga cikin dangin cututtukan kumburin tsoka da likitoci ke kira mayosaitis, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tsokar mai ita. Ba ɗaukarta ake yi ba, ba kuma ita ce ƙurjin cikin tsoka mai mugunya da muka sani a ƙasashe masu zafi ba, wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Ba ta da yawa a cikin jama'a, kuma ta fi kama mata. Wani nau'in yana haɗawa da fata, kamar na Yaya. Wani yana zuwa wa wasu ƙalilan daga masu shan maganin rage kitsen jini na sitatin. Wani kuma ya fi kama maza da suka haura 50, yana cin tsoka a hankali cikin shekaru, kuma ba ya jin sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi da garkuwar jiki. Suna ɗaya ne a baki, amma makomar masu su ta sha bamban ƙwarai.

Da muka fito baranda na tare likitan na ce, "Likita, don girman Allah ka gaya mini gaskiya, za ta tashi?" Ya ce, "Malam, rai na hannun Allah. Amma akwai abu uku da nake son sani kafin in ce maka komai: halin huhunta, halin haɗiyarta, da ko akwai wata cuta a ɓoye a bayan wannan." Da na kai wa Inna wannan magana da daddare, sai ta ɓata rai. Ta ce, "Auta, ka kiyayi kanka da shisshigi cikin lamarin Ubangiji. Wa ya san gawar fari?"

Ina ganin girman maganar Inna, kuma na san ita ce maganar mafi yawan iyayenmu, Musulmi da Kirista. Amma na daɗe ina juya ta, kuma matsayina shi ne hasashen makomar majinyaci ba da'awar sanin gaibu ba ne. Manomin dankali a Bokkos da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanya bai yi da'awar shi ke saukar da ruwa ba. Hausawa da kansu suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Likitan da ya ce wannan majinyaciya tana cikin haɗari fiye da waccan ba ranar mutuwarta ya sanar ba. Cewa ya yi a cikin mutum ɗari masu irin alamominta, da yawa sun shiga wahala da wuri, don haka ita ce ba za a ba ta kati a ce ta dawo bayan wata uku ba.

Wannan cuta kuwa tana daga cikin waɗanda hasashe ke ceton rai a zahiri. Raunin tsoka da ido ke gani ba kasafai shi ke kisa ba. Masu kisan su ne tabon da ke mamaye huhu, da sankara da ke ɓoye a bayan cutar, da cututtukan da ke samun ƙofa idan magani ya kwantar da garkuwar jiki, da taɓuwar zuciya, da kuma raunin maƙogwaro da ke sa abinci ya ɓace hanya ya faɗa huhu. Tun 1975 da Bohan da Peter suka tsara ƙa'idojin gane cutar, ilimin ya yi nisa. A 1980 aka gano wani sinadarin garkuwa a jinin wasu majinyata mai suna anti-Jo-1, wanda ke tafiya da ciwon huhu. Daga baya aka gano anti-TIF1-gama, wanda idan an same shi a jinin babban mutum ake tsananta neman sankara, musamman cikin shekara 3 na farko. A 2005 likitocin Japan suka bayyana wanda ake kira anti-MDA5 a yau, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mai ɗauke da shi sau da yawa tsokarsa lafiya lau, yana tafiya da ƙafarsa, CK ɗinsa ma bai tashi sosai ba, sai gyambo a fata da busasshen tari. Amma huhunsa na iya lalacewa cikin makonni, kuma mafi yawan waɗanda ke rasuwa a watanni 6 na farko suke tafiya.

A 2020 likitocin Japan suka wallafa wani bincike a kan majinyata 29 masu wannan nau'i. Maimakon a fara da magani ɗaya a jira a ga yadda hali zai yi, tun ranar farko aka haɗa musu uku: sitiroyid mai yawa, takrolimus da saiklofosfamaid. Bayan wata 6, kashi 89 cikin 100 na raye. A cikin waɗanda aka bi da su a baya ta hanyar ƙara magani sannu a hankali, kashi 33 ne suka kai wata 6. Mutanen ba su da yawa, kuma an kwatanta su ne da na baya, amma tazarar ta isa ta sa mutum ya yi shiru. Abin da ya raba rukunin biyu shi ne an san mai haɗari, aka haɗa masa magani tun daga farko.

Daga irin wannan ne aka fara ƙera ma'aunai na lissafi. A 2020 likitocin China suka fitar da wanda suka kira FLAIR, mai haɗa feritin na jini (sinadarin da ke adana ƙarfe a jiki), da sinadarin LDH da ke zuba cikin jini idan ƙwayoyin jiki na lalacewa, da anti-MDA5, da hoton siti sikan na huhu, da saurin taɓarɓarewar numfashi, ya ba da maki. A 2021 na Japan suka fitar da MCK, mai dogaro da anti-MDA5 da CRP mai nuna kumburi a jiki da KL-6 mai nuna lalacewar huhu. Yanzu kuma ana ta ɗora wa kwamfuta bayanan dubban majinyata don ƙirƙirarriyar basira ta koyi hasashe da kanta. Ina murna da wannan ci gaba da zuciya ɗaya. Damuwata tana wani wuri.

Duk wanda ya taɓa awo ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Waɗannan ma'aunai an yanka su ne a jikin mutanen Gabashin Asiya da Turai da Amurka, a asibitocin da majinyaci ke isa da wuri kuma ba ya biyan kowane gwaji daga aljihunsa. Bari in yi magana daga kan teburin aikina. Feritin yana tashi a jinin mai ciwon hanta, da mai kowane irin kumburi ko zazzaɓi mai tsanani, da mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini. LDH yana tashi duk lokacin da jajayen ƙwayoyin jini ke fashewa, abin da maleriya da sikila ke yi kullum a nan. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, wato rabin gadon sikila, wadda kuma ta fi kowace ƙasa yawan masu maleriya, lambar da ke nufin huhu na ƙonewa a Shanghai tana iya nufin wani abu dabam a unguwar Gangare ta Jos. CK kansa an san ya fi yawa a jinin baƙar fata masu ƙoshin lafiya fiye da na Turawa, amma takardun sakamako da yawa da muke bugawa da iyakar da kamfanin na'ura ya rubuto suke fita.

Har 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin ba ta tsira ba. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa ta fi yin kuskure a baƙar fata, tana nuna iska ta wadata alhali ta yi ƙasa, kuma hakan ya kusa ninka na farar fata sau uku. Ga cutar da rai ke rataye da saurin gane cewa huhu ya fara gazawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu a Jos ma muna zaune ne a tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, abin da ya kamata mai fassara gwajin numfashi ya riƙa tunawa. Kurajen da littattafan likitanci ke siffantawa da ja ko shuɗi-shuɗi a fatar ido, a jikin Yaya duhu kawai suka yi, shi ya sa ido bayan ido ya wuce su.

Sankarar da ake nema ma ta bambanta. A Kudancin China da maƙwabtanta, sankarar bayan hanci na yawan tafiya da wannan cuta. A Turai an fi ambaton ta ƙwan mace da ta huhu. A Najeriya waɗanda suka fi yawa a cikin jama'a su ne ta mama, ta bakin mahaifa, ta mafitsarar maza, ta hanji da ta hanta. A 2023 ƙwararru na duniya suka fitar da jagorar yadda za a riƙa neman sankara a jikin masu mayosaitis gwargwadon haɗarin kowa. Aiki ne mai kyau, amma sai mun zauna mun daidaita shi da abin da ke kashe mutanenmu da abin da aljihunsu zai ɗauka.

Akwai kuma abin da ba ya cikin FLAIR ko MCK, wanda a ganina shi ne kan gaba a nan. Maganin cutar kwantar da garkuwar jiki yake yi, mu kuwa a tsakiyar tarin fuka muke zaune, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ke iya farfaɗowa da ƙarfi idan an danne garkuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗin magani ukun da ya ceci mutane a Japan, idan aka ba wanda ba a duba masa tarin fuka da hanta da cuta mai karya garkuwar jiki ba, zai iya zama ajalinsa. Abin kuma yana juyawa ta ɗaya ɓangaren: mai tabon huhu na mayosaitis ya zo da tari da rama, a ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata 6, lokacin da ya fi tsada a rayuwarsa ya tafi a banza. Ga kuma sitiroyid da ake sayarwa a kemis kamar alewa, har da wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Majinyaci ya sha, ya ji sauƙi na 'yan makonni, alamomin su lafa, cutar ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi.

Da za a ce ni in zana ma'aunin Jos, tambayar farko da zan sa ita ce: wata nawa tsakanin ranar da ta kasa ɗaura ɗankwali da ranar da ta ga likitan da ya gane? Ta biyu: wa ke biyan kuɗin magani, kuma zai iya har zuwa yaushe? Gwajin sinadaran garkuwa na Yaya ƙasar waje aka aika jinin, ya dawo bayan mako 3, kuma sai da muka yi karo-karo a dangi. Allah ya sa ba MDA5 ba ne. Da shi ne, mako 3 ɗin nan kaɗai ya isa. Maganin IVIG, wato sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin mutane a ɗura ta jijiya, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2021, kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin shekara na mafi yawan ma'aikatanmu.

A nan ne nake fahimtar tsoron masu adawa da hasashe, kuma tsoro ne na gaskiya. A inda gwamnati ko inshora ke biya, maki mai muni na nufin a gaggauta. A inda dangi ke sayar da gona da akuya, maki mai muni na iya zama dalilin naɗe tabarma. A ɗakin da Yaya ta kwanta akwai wata matashiya a gadon kusa da ita, mai gyambo a gwiwar hannu da numfashi sama-sama. Wani daga cikin ma'aikata ya ce wa mijinta abin ya yi nisa. Bai yi masa bayanin cewa nisan na nufin a ƙara ƙaimi cikin kwanakin nan ba. Washegari mijin ya sa hannu ya tafi da ita gida. Ba na zargin bawan Allah nan, kuɗinsa sun ƙare, kuma abin da ya ji shi ne babu fata. Hasashen da aka jefa wa talaka ba tare da an nuna masa mataki na gaba ba zalunci ne. Amma maganin wannan ba ɓoye gaskiya ba ne, domin mu ma da aka bar mu cikin duhu wata 7, kuɗin da muka zubar a kan taifod da babu shi sun isa siti sikan da gwajin garkuwa tare. Iyali mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar a gaya masa inda zai sa nairarsa ta ƙarshe.

Abin da nake roƙo na farko ba ya cin kuɗi. Alamomin haɗari da yawa ido da kunne ke kama su: majinyacin da ruwa ke sarƙe shi ko yake fitowa ta hanci, wanda muryarsa ta koma ta hanci, wanda ba ya iya ɗaga kai daga matashi, wanda ke haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, mai gyambo a yatsu, mai rama ba dalili, mai yawan shekaru. Ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi a Mangu ko Barikin Ladi zai iya koyon waɗannan cikin yini ɗaya, ya san cewa wannan ba na ƙarin ruwa ba ne, na takardar turawa ne yau ɗin nan. Likitocin gaɓoɓi da garkuwar jiki kaɗan ne a ƙasar nan, kuma sun taru a manyan birane, don haka dole ƙofar farko ta iya tantancewa.

Na biyu shi ne rajista. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu ba mu taɓa zama mun ƙirga ɗigon ba. Cutar ba ta da yawa, asibiti ɗaya ba zai tara adadin da za a yi lissafi da shi ba. Idan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da na koyarwa na Gwagwalada, da na Malam Aminu Kano, da na Shika suka yarda da takarda iri ɗaya, kowane majinyaci a rubuta ranar da ciwo ya fara, da gwaje-gwajensa, da maganin da ya samu da wanda ya kasa saya, da halin da yake ciki bayan wata 6 da shekara da shekara 5, cikin 'yan shekaru za mu sami mudun kanmu. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, Ibadan na da rajistar masu sankara tun 1960. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shata yadda za a riƙe sirrin mutane. Wurin da aikin zai fi wuya shi ne bin sawu, domin mutanenmu da yawa a gida suke cikawa, a yi jana'iza kafin la'asar, babu takardar da ta kai asibiti. Rajistar da ba ta da mai ɗaga waya ya kira dangi za ta ƙirga waɗanda suka dawo ne kawai, ta ba mu labari mai daɗi wanda ba gaskiya ba.

Na uku ya shafi Abuja kai tsaye. A garin ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa ƙarfi. Ina roƙon a sa gwajin sinadaran garkuwa na mayosaitis da siti sikan na huhu cikin abin da wannan asusu zai ɗauka, a kuma samar da ɗakin gwaji ko ɗaya a Arewa da zai fitar da sakamakon MDA5 cikin kwana 2 ko 3. Masu cutar ba su da yawan da za su karya asusu, kuma gwajin ya fi kwana goma a ɗakin kulawa ta musamman araha nesa ba kusa ba.

Yaya ta koma kan kekenta, ko da yake rabin yini take yi. Tana shan piradinisolon kaɗan da azatayofirin masu kwantar da garkuwar jiki, an duba mata mama da bakin mahaifa, kuma duk zuwa asibiti sai an sa ta tafiyar minti 6 a baranda ana auna numfashinta. Inna ce yanzu ke tuna mata ranar ganin likita. Ni kuma na sayi littafi ina rubuta kowane sakamako da kwanan watansa, tun daga CK na farko. Kwanan baya Yaya ta tambaye ni labarin matashiyar nan ta gadon kusa da ita, ta ce, "Auta, ka bincika mini mana, ko ta samu sauƙi." Na bincika iyakar iyawata. A fayil ɗinta abu na ƙarshe da aka rubuta shi ne ranar da mijinta ya sa hannu.